Mafarkin Fir'auna da Rumbunan Yusufu: Wa'azi a Kan Sauyin Yanayi

Karatu: Littafin Farawa, sura 41



Babu wanda ya zauna a ajin katekizim da bai ji labarin Yusufu ɗan Yakubu ba. Fir'auna sarkin Masar ya yi mafarki, ya ga shanu bakwai masu ƙiba sun fito daga Kogin Nilu, sai ga waɗansu bakwai ramammu sun biyo bayansu suka cinye su. Da bokayen Masar da masu hikimarta suka kasa fassara, aka tuna da wani bawa Ba'ibrane da yake kurkuku. Yusufu ya bayyana wa sarki cewa shekaru bakwai na ƙoshi suna zuwa, bayansu kuma shekaru bakwai na yunwa. Bai tsaya ga fassara kawai ba, ya ba da shawara a riƙa karɓar kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa ana tarawa a rumbuna tun da sauran lokaci.

Ku lura da wannan, 'yan'uwana. Allah bai nuna wa Fir'auna mafarkin nan domin ya firgita shi ba. Ya nuna masa ne domin ya shirya. Gargaɗi alheri ne daga wurin Allah, wanda kuwa ya ji shi ya naɗe hannu, alhakin rayukan da suka salwanta yana wuyansa. Hausawa sun ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Zamaninmu ma ya sami nasa gargaɗi. Wannan karon bai zo ta mafarki ba, ya zo ne ta ma'aunin masana, ta kuma abin da kowane manomi yake gani a gonarsa. Sunansa sauyin yanayi, a kansa kuma nake so mu yi tunani yau.

Abin da Ma'auni ya Nuna

Da farko ya kamata mu fahimci yadda al'amarin yake, gama Kirista bai kamata ya yi magana a kan abin da bai gane ba. Rana tana aiko wa ƙasa haske da zafi, ƙasa kuma tana mayar da zafin nan sama. A cikin iskar da ta kewaye duniya akwai waɗansu iri, kamar tururin ruwa da iskar kabon, waɗanda suke tare wani sashe na zafin su hana shi ficewa duka. Aikinsu kamar na bargo ne. Wannan bargo kyauta ce ta Mahalicci, domin in ba don shi ba, da matsakaicin yanayin duniya ya yi ƙasa da daskarewar ruwa da wajen digiri 18, da kuwa ba mai rai da zai yi noma ko kiwo. Amma kowa ya sani, bargon da ya yi maka daɗi a daren hunturu, in aka ƙara maka wani a kansa cikin bazara, ya zama azaba.

Wannan ilmi ba na jiya ba ne. A shekara ta 1856 wata Ba'amurkiya mai suna Eunice Foote ta cika tulunan gilashi da iska iri dabam dabam ta ajiye su a rana, ta ga wanda yake ɗauke da iskar kabon ya fi sauran zafi, ya kuma fi su daɗewa kafin ya huce. A 1859 John Tyndall ya tabbatar da haka da gwaje-gwajensa a Ingila. A 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya yi lissafi ya nuna cewa in iskar kabon ta ƙaru a sama, duniya za ta yi ɗumi. Duk lokacin da aka ƙone kwal, ko man fetur, ko gas, ko aka sare daji aka cinna masa wuta, wannan iska ce take tashi, kuma wani sashe nata yakan daɗe a sama shekaru ɗaruruwa.

Masana sun haƙa ƙanƙarar da ta daskare tun dubban shekaru a ƙarshen kudancin duniya, suka auna iskar da ta maƙale a cikinta. Ta haka aka san cewa kafin zamanin masana'antu, iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar duniya. A 1958, lokacin da Charles Keeling ya fara aunawa a kan dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawai, ta kai wajen 315. Zuwa 2024 ta haura 420. Kwamitin masana yanayi da aka kafa a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1988 ya faɗa a rahotonsa na 2021 cewa babu sauran shakka, aikin ɗan Adam ne ya ɗumama iska da teku da ƙasa. Hukumar Yanayi ta Duniya kuma ta sanar cewa shekara ta 2024 ta fi dukan shekarun da aka auna kafin ta zafi, ta ɗara zamanin da ya gabaci masana'antu da wajen digiri ɗaya da rabi.

Wani zai ce, mene ne digiri ɗaya da rabi? To, a tambayi uwa. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Ran da na ɗanta ya kai 38 da rabi, ba ta barci a daren nan. Haka duniya take, zazzaɓi ya kama ta. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, iska takan iya riƙe ƙarin tururin ruwa wajen kashi 7 cikin ɗari. Saboda haka rana takan tsotse damshin ƙasa da sauri, in kuma hadari ya tashi saukowa sai ya zubo da ruwan makonni cikin dare ɗaya. Abin da ya sa ke nan fari da ambaliya suke iya auka wa gari guda a shekara guda. Ƙanƙara tana narkewa, ruwan teku yana kumbura saboda ɗumi, har tsayinsa ya ƙaru da wajen santimita 20 tsakanin 1901 da 2018.

Ramammun Shanu Sun Fito Daga Kogi

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A daminar 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, daga Jigawa zuwa Lokoja har Bayelsa. Masanan ƙungiyar World Weather Attribution sun bincika suka gano cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin ruwan da aka yi a yankin Tafkin Chadi a wannan daminar kamar sau 80. Ran 3 ga Afrilu 2024, lokacin da maƙwabtanmu Musulmi suke cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ran 10 ga Satumba na shekarar nan, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, garin da bai gama farfaɗowa daga wahalar tashin hankali ba. A ƙarshen Mayu 2025 ruwa ya ci mutum fiye da 150 a Mokwa ta Jihar Neja.

Dattawanmu kuma ba su manta da farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ba, da na 1983 da 1984, lokacin da dabbobi suka mutu garke garke. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye har ya koma ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Masana sun danganta farin nan da sauyin zafin ruwan teku, har da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan lokaci. Tun daga nan ruwan tafkin ya ɗan komo, amma shigarsa da janyewarsa sun daina bin ƙa'idar da masunta da manoma da makiyaya suka gada daga kakanni. Wannan shi ne ciwon da talaka ya fi ji. A dā tsoho yakan dubi sama, ya dubi tohon itatuwa, ya ce wa 'ya'yansa lokacin shuka ya yi. Yau ruwan farko yakan sauka a yi shuka, sai ya ɗauke mako uku iri ya ƙone, a sake sayen wani da bashi.

Kada Mu Ɗora wa Allah Aikin Hannunmu

A nan ne yunwar Masar ta bambanta da tamu. Ba mutanen Masar ne suka jawo shekarun yunwa ba. Zazzaɓin duniyarmu kuwa aikin hannun mutane ne. Sau da yawa in ambaliya ta rushe gari mukan ce, haka Allah ya so. Gaskiya ce ba abin da yake faruwa a ɓoye ga Allah, kuma shi ne mafakarmu a ranar wahala. Amma in mutum ya cinna wa jinkar maƙwabcinsa wuta ya ce haka Allah ya so, ya ƙara saɓo a kan zunubi. Aikin da aka ba Adamu a gonar Aidan noma ne haɗe da tsaro. Wakili aka naɗa shi, ba mai mallaka ba, kowane wakili kuwa akwai ranar da zai ba da lissafi.

Ikilisiya ba ta yi shiru ba. A saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, 1 ga Janairu 1990, Fafaroma Yohanna Bulus na II ya ambaci ɗumamar duniya, ya kuma koyar cewa lalacewar muhalli matsala ce ta ɗabi'a da lamiri. A 2015 Fafaroma Faransis ya rubuta wasiƙarsa mai suna Laudato Si', inda ya nuna cewa ɓarnar ƙasa da wahalar matalauta ciwo ɗaya ne, kuma ƙasashen da suka yi arziki ta ƙona mai suna da bashin da za su biya matalautan ƙasashe. A 2023 ya sake rubuta Laudate Deum, yana kukan cewa shugabanni suna jan ƙafa alhali lokaci yana ƙurewa.

Maganar bashin nan gaskiya ce da lissafi ya tabbatar. Afirka tana da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen duniya, amma iskar kabon da take fitarwa daga mai da kwal da gas ba ta wuce kashi 4 cikin ɗari ba. Matar da ruwa ya ci gidanta a Mokwa wataƙila ba ta taɓa shiga jirgin sama ba. An yi taro a Rio a 1992, aka ƙulla yarjejeniya a Kyoto a 1997. A Kopenhegen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara zuwa 2020, ba su cika ba sai a 2022, kuma yawancin kuɗin rance ne. A Paris a 2015 duniya ta amince a riƙe ƙarin zafi ƙasa da digiri 2, a kuma yi ƙoƙari kada ya wuce ɗaya da rabi. A Janairu 2025 Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa zuba wannan iska in aka haɗa lissafi tun daga farko, ta sanar da ficewarta daga yarjejeniyar karo na biyu. Wajibi ne Ikilisiya ta ci gaba da faɗa wa masu iko cewa abin da ake nema a wurinsu adalci ne, ba sadaka ba.

Amma ya ku jama'ar Allah, kada laifin manyan ƙasashe ya rufe mana ido ga namu. Ba Turawa ne suke toshe magudanan ruwan unguwanninmu da leda ba. Ba su ne suke sayar da fili a kan hanyar ruwa, ko su cinna wa daji wuta domin farautar ɓera ba. Motocin gawayi da suke fita daga dazuzzukanmu dare da rana, 'ya'yanmu ne suke loda su. Gas ɗin da ake ƙonawa a banza a rijiyoyin mai na yankin Neja Delta, a ƙasarmu ake ƙona shi. Ma'aikacin da aka ba kuɗin gyaran madatsa ko gada ya zuba a aljihu, ya sani jinin waɗanda ruwa ya ci yana kuka a gaban Allah, ko da shi ne mai ba da baiko mafi tsoka ranar Lahadi. Ɗumamar duniya ce take ƙara wa ruwa ƙarfi, amma sakacinmu ne yake buɗe masa ƙofa.

Mu Gina Rumbunanmu

Yusufu bai hana yunwa zuwa ba, amma ya hana ta hallaka jama'a. Mu ma akwai abin da yake hannunmu, kuma maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun nuna mana hanya. Bayan babban fari, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana kwashe ƙasa tana binne shuka. Dashen da aka yi ta yi yawancinsa ya mutu. A 1983 wani ɗan mishan masanin noma daga Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan itatuwan da aka sare suna da rai, saiwoyinsu suna nan a ƙasa, kowace shekara suna toho ana sassabe shi. Shi da manoman yankin suka fara barin toho mafi ƙarfi a kowane kututture, suna rage sauran, suna tsare shi daga gatari da wuta. Manoma suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. Daga gona zuwa gona ta bazu a yankunan Maraɗi da Damagaram, har aka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a kan hekta miliyan 5. Ba gwamnati ce ta dasa su ba, talakawa ne da addunansu.

Cikin itatuwan nan akwai gawo, wanda hikimar Mahalicci take bayyane a kansa. Yakan zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da sauran itatuwa suka bushe, sai ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da abinci. A Burkina Faso kuma wani manomi, Yacouba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, ya farfaɗo da dabarar kakanni ta haƙa ƙananan ramuka a fako tun da rani, a zuba taki a ciki, domin su tara ruwan sama. Da ita ya mayar da ƙasar da aka yanke ƙauna a kanta ta zama daji.

Saboda haka ina roƙon kowace majami'a a wannan dayosis, daga babban cocin gari har ƙaramin ɗakin sujada na ƙauye, ta ɗauki waɗannan abubuwa da gaske. Kowane mai gona ya bar tohon itatuwa a gonarsa, ya daina ƙone karan da ya kamata ya rufe ƙasa. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara; katakis ya nemi abin da ya shafi yankinsa ya karanta wa jama'a bayan sujada, domin a san lokacin shuka da irin da ya dace. Zumuntar Mata ta koya wa juna gina murhu mai tsimin itace, gama yana rage sare daji, yana kuma rage hayaƙin da yake cin idanu da ƙirjin iyayenmu mata. Matasa su yashe magudanan ruwa kafin ruwan farko. In aka ba da sanarwar ambaliya, a tashi, kada a tsaya gardama da kogi. Inda hali ya yi, majami'a ta kafa rumbun hatsi na jama'a, a tara da kaka a ranta wa mabukata a tsakiyar damina. Amma mu bambanta wannan da aikin ɗan kasuwar da yake ɓoye hatsi yana jiran yunwa ta ninka masa riba. Yusufu ya tara ne domin ya buɗe.

Rumbun Yusufu na Kowa Ne

Sauran magana ɗaya, ita ce kuwa mafi nauyi. Da yunwa ta tsananta, ba Masarawa kaɗai suka zo wurin Yusufu ba. Baƙi daga ƙasashe kewaye sun zo, cikinsu har da 'yan'uwansa da suka jefa shi rijiya suka sayar da shi. Yana da iko ya rama, amma ya cika musu buhuna.

Kun san abin da nake nufi. Yayin da ciyawa take raguwa a arewa, mutane kuma suke ƙaruwa, makiyayi yana gangarowa da garkensa, manomi yana faɗaɗa gonarsa har cikin burtali, sai su haɗu a bakin mashaya ɗaya. Da yawa cikinmu sun binne 'yan'uwa saboda wannan rikici, akwai kuma waɗanda har yau ba su koma garuruwansu ba. Kada wani ya ji kamar ina cewa sauyin yanayi ya wanke mai kisa. Fari ba ya riƙe bindiga. Wanda ya zub da jini, ko wane ne shi, dole hukuma ta hukunta shi, Ikilisiya kuma ba za ta daina neman adalci domin waɗanda aka kashe ba. Amma ba kowane mai sanda da garke ba ne mai kisa, kamar yadda ba kowane mai fartanya ba ne marar laifi. Zafin rana bai san Kirista ko Musulmi ba, ambaliya kuma ba ta tambayar kabilar mai gida kafin ta shiga. In muka bar ƙarancin ruwa da ƙasa ya mai da mu abokan gaban juna, to ramammun shanu sun cinye mu ke nan tun yunwa ba ta iso ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugabannin majami'u su zauna da limamai da masu unguwa da arɗo tun kafin kaka, a daidaita maganar burtali da mashaya da lokacin sakin dabbobi a gonaki, a kuma tsaya a kan abin da aka shirya.

Kammalawa

Tun daga 2015 Ikilisiyar Katolika ta keɓe ranar 1 ga Satumba domin addu'a saboda kula da halitta, ana kuma ci gaba da wannan tunani har 4 ga Oktoba, idin Waliyyi Faransis na Asisi. Mu yi addu'a, amma mu tashi daga durƙuso mu ɗauki aiki. An fassara mana mafarki, lissafi yana gabanmu, shekarun shiri kuwa suna ƙarewa. 'Ya'yan da muke yi wa baftisma yau su ne za su zauna cikin yanayin da muka bar musu, kuma Ubangiji zai tambaye mu abin da muka yi da gargaɗin da muka ji.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba, Mahaliccin sama da ƙasa, kai ne mai ba da ruwa a kan lokacinsa. Ka gafarta mana ɓarnar da muka yi wa aikin hannunka. Ka ta'azantar da waɗanda ambaliya da fari da rikici suka raba da gidajensu, ka ba matattunmu hutawa ta har abada. Ka taɓa zukatan shugabannin duniya su yi adalci ga matalauta. Ka ba mu hikimar bawanka Yusufu ta yin shiri, da irin zuciyarsa ta buɗe rumbu ga baƙo da ɗan'uwa. Muna roƙo ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Albarkar Allah Mai Iko Duka, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta sauko a kanku, da gonakinku da dabbobinku, ta zauna tare da ku kullum. Amin.